Yadda ake duba ƙafar mota da sitiyari, a gano laifin kafin a sayi kaya

Da damina ta wuce, garejin bakanike kan cika da motoci masu ciwo iri ɗaya: ƙara a gargada, sitiyari na ja gefe, taya na cinyewa ta baki ɗaya. Mai mota ya ce ƙafa ce ke ƙara, bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, sai an sauke ƙafar gaba ɗaya." A rubuto jerin kaya a bayan kwali, a kashe kuɗi, bayan sati biyu ƙarar ta dawo. Abin da ke jawo wannan asara shi ne sayen kaya kafin a gano laifi. Ƙafar mota kaya ne da dama da ke aiki tare, kuma kowanne in ya gaji yana da alamarsa. Wanda ya san alamomin, da hannunsa da tocila zai kama mai laifin.

Zan yi bayanin da Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, domin ta cika titunanmu, kuma tsarin ƙafarta ta gaba, wanda ake kira MacPherson, shi ne a Camry da Golf 3 da Sharan. Shok yana tsaye da sifirin a jikinsa. Samansa na ɗaure da jikin mota ta maunti mai roba, ƙasansa na ɗaure da ƙarfen da ke riƙe da hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai. Daga ƙasa akwai lowa-am, bushin biyu na roba ke haɗa shi da mota, boljoyin kuma ke haɗa shi da ƙarfen hob. Sandar sitabilaiza tana hana mota kwanciya a kwana, linkej ke haɗa ta da shok. Sitiyari kuwa yana tura rak, wato doguwar sandar ƙarfe mai haƙora, rak ya tura tayarod na ciki da na waje, su kuma su juya tayoyi.

Fara da kunne

Samu hanya mai ɗan gargada wadda babu cunkoso, kashe rediyo, sauke gilashi, ka tafi a hankali. Ka fara kwashe tarkacen but tukuna, domin jak da sifana da ke yawo a baya sun sha sa mutane sayen shok.

Ƙaramar ƙwal-ƙwal mai yawa a ƙananan ramuka, galibi linkej ne ko robar sitabilaiza, kuma su ne mafi araha a duk ƙafar. Bugu mai nauyi guda ɗaya lokacin da ka taka birki ko ka tashi, bushin lowa-am ne abin zargi. Ƙiiƙi mai kama da gogar ƙarfe yayin juya sitiyari ko hawa tudun rage gudu, boljoyin ne ya bushe. In kana tsaye ka juya sitiyari ka ji sifirin ya yi "tang" kamar ya maƙale ya saki, maunti ne.

Akwai ƙararrakin da ake ɗora wa ƙafa alhali ba nata ba ne. Ƙas-ƙas-ƙas idan ka karya sitiyari zuwa ƙarshe ka ba da wuta, shaf ne, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa taya. Gurnani mai ƙaruwa da gudu boris ne, wato abin da hob ke juyawa a kansa, kuma in ya fi ƙarfi lokacin da ka karkata hagu, yawanci na dama ne, saboda can nauyin ya koma. Sitiyari mai rawa a gudun kilomita 80 zuwa 100, ka fara da balansin taya ko lanƙwasasshen rim. In sai ka taka birki yake rawa, faifan birki ne.

Abin da taya ke nunawa

Auna iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin motar, galibi a ginshiƙin ƙofar direba, a wannan Corolla kusan 30 ne a ma'aunin mai faci. Masu faci da yawa sukan zuba 40 ko fiye in ba ka yi magana ba, sai motar ta yi ta dukan ƙasa ka ɗauka shok ne ya mutu. Taya guda mai ƙarancin iska kuma ta isa ta sa mota ja gefe.

Sai ka shafa tafin hannunka a fuskar taya. Tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun cinye, iska ta yi kaɗan. Baki ɗaya kawai ya cinye, musamman na ciki wanda ba a gani sai an durƙusa, to saitin ƙafa ya goce, ko wani abu ya yi lako-lako, ko ya lanƙwashe. In ka shafa ta wannan gefe ka ji santsi, ta wancan ka ji kaifi, tayoyin ba sa kallon gaba daidai, a duba tayarod. In kuwa ka ji tudu da kwari a kewaye, shok ya daina riƙe taya a ƙasa, tsalle take yi tana tafiya.

Idan mota na ja gefe kuma iska daidai take, musanya tayoyin gaba biyu. In jan ya koma ɗaya gefen, taya ce, ka huta da sayen komai na ƙafa.

Gwaji kafin a ɗaga mota

Ajiye ta a daɓe mai daidai. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama. Bambanci mai yawa na nufin sifirin ya karye ko ya gaji. Danna kowace kusurwa da ƙarfin jikinka ka saki. Mota mai lafiyayyen shok za ta taso ta tsaya. In ta ci gaba da lilo, shok ya tafi. Wannan gwaji shok wanda ya mutu murus kawai yake kamawa, wanda ya yi rabin mutuwa kan tsallake shi, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.

Yanzu tayar da injin, tayoyi na kallon gaba, ka motsa sitiyari da ɗan yatsa hagu da dama kana leƙen tayar gaba. Toyota ta ƙayyade cewa wasan sitiyari kafin taya ta motsa kada ya wuce milimita 30. Sai ka sa wani ya riƙa girgiza sitiyarin da sauri kaɗan-kaɗan, kai kuma ka durƙusa ka kama kan tayarod da hannu. Lafiyayye yana tafiya tare da ƙarfen hob kamar abu guda. Wanda ya ci, za ka ji bugunsa a tafin hannunka tun kafin idonka ya gani.

Ɗaga mota

A nan ba na sassauci ko kaɗan. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Ja birkin hannu, sa giya, tokare tayoyin baya gaba da baya, sassauta notin wili tun mota na ƙasa. Ɗaga ta a wurin da aka tanada a ƙarƙashin ƙofa, sannan ka ɗora ta a kan ƙarfen tokara mai ƙafafu. In babu, kututturen katako mai kauri da faɗi. Bulon siminti kuwa ko kusa, domin yana rugujewa farat ɗaya babu gargaɗi, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya. In ƙasar rairayi ce, shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Girgiza motar da ƙarfi kafin ka sa hannu ko kai a ƙasanta.

Girgiza taya

Kafin ka cire tayar, tana rataye, notinta a kame, kama ta hagu da dama da hannu biyu, ka riƙa tura wannan kana jan wancan. In ka ji ƙwas-ƙwas, tayarod ne. Don bambance na ciki da na waje, sa wani ya ci gaba da girgizawa, kai ka haska. In motsin a kan na waje yake za ka gan shi. In ba haka ba, matsa robar da ta lulluɓe bakin rak da hannu, za ka ji na cikin yana bugawa a ƙarƙashin robar.

Sai ka kama ta sama da ƙasa, ka yi irin wannan girgizar. Motsi a nan ko boris ne ko boljoyin. Ga dabarar raba gardama: wani ya shiga ya danne birki, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne, domin birki ya kame hob. In yana nan, boljoyin ne ko bushin. Juya tayar da hannu, ɗaya hannun a kan sifirin, boris mara lafiya za ka ji ƙaiƙayinsa yana ratsa sifirin.

Wannan gwaji a rataye ya dace da Corolla da ire-irenta. Motocin da nauyinsu ke zaune a kan lowa-am, irin su Hilux, sai an sa jak a ƙarƙashin lowa-am ɗin an ɗauke wa boljoyin nauyi, in ba haka ba zai matse ya nuna lafiya alhali ya ci.

Cire tayar, ɗauki liba da tocila. Soka liba tsakanin lowa-am da jikin mota kusa da bushin, ka ɗan banƙara. Roba mai lafiya za ta ɗan ba da kai ta koma. Wadda ta tsage, ko ta rabu da ƙarfen tsakiyarta, za ta buɗe baki. Ƙananan tsage-tsage na sama-sama, na tsufa da zafin rana, ba sa wajabta canji. Kama linkej ka jijjiga, kada ya yi lako-lako. Dubi jikin shok: ɗan damshin mai da ƙura ta manne a kai ba komai ba ne, amma mai da ya gangaro ya jiƙa jikinsa, ya gama aiki. Bi sifirin da ido har ƙarshensa na ƙasa, can yake karyewa a ɓoye.

Maganar boljoyin

Boljoyin ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwanonsa, kamar gaɓar ƙugun mutum, giris a ciki, roba ta rufe. Muddin robar na nan lafiya zai daɗe. Ranar da ta yage, ƙurar rani da ruwan damina su shiga, giris ya koma yashi, ya fara cin ƙwallon. Shi ya sa duba wannan 'yar roba ya fi komai amfani. In ka same ta a yage, ko boljoyin bai fara motsi ba, ka sa shi a lissafi.

Motar da kake gani a bakin titi ta durƙusa, tayar gaba ta kwanta ta shige cikin madigadi, boljoyin ne ya fita. In a cikin unguwa ne, Allah ya taƙaita. In a babbar hanya ne da gudu, direba ba shi da sitiyari, kuma sau da yawa tiyon birki ma yakan tsinke a lokaci guda. Saboda haka ina roƙonka, kada ka yarda a yi maka maneji a boljoyin ko tayarod. Akwai masu buɗe shi su cusa leda ko fata su daddake bakin da guduma, akwai masu walda. Ƙarar za ta yi shiru, ƙwallon kuma yana nan a cinye, abin da aka kashe kawai shi ne gargaɗin da yake ba ka. Linkej yana iya ƙara wata guda kana lallaɓawa. Boljoyin da tayarod masu motsi, daga nan sai gareji.

Canza kan tayarod

Wannan aiki ne da mai mota mai natsuwa zai iya yi a gida. Goge zaren da burushin ƙarfe, fesa man kwance tsatsa, ba shi mintuna. Sassauta notin da ke kulle kan tayarod ɗin a jikin sanda tun yana ɗaure a ƙarfen hob, ɗan juyi kaɗan kawai, ka bar shi nan ya zama alama. Miƙe fil ɗin da aka soke a notin mai haƙora, zare shi da filaya. Kwance notin, amma kada ka cire shi duka, bar shi a bakin zare.

Ƙafar tayarod tsukakkiya ce, ta cije a raminta. In kana da ƙarfen matsawa na fitar da ita, shi ya fi. In babu, doki gefen ƙarfen da ramin yake da guduma, duka mai kaifi, girgizar ce ke sakinta. Kada ka doki kan zaren, zai baje ya ƙi fita.

Warware tsohon kana ƙirga juyi, ka rubuta. Jera shi da sabon ka ga tsayi da lanƙwasa sun yi daidai, domin a Corolla na hagu daban, na dama daban. Mayar da sabon da adadin juyin nan. Goge ramin ya bushe, ba a sa masa giris. Ɗaure notin, ƙa'idarsa a wannan mota 49 ne a ma'aunin Nm na sifana mai auna ƙarfin ɗauri. In ramin fil bai zo daidai da haƙori ba, ƙara matsawa kaɗan, kada ka sassauta don neman rami. Sa sabon fil ka lanƙwasa. Ƙusa ko guntun waya ba fil ba ne. A ƙarshe ka kulle notin da ka sassauta da farko.

Boljoyin ɗin Corolla noti biyu da bol ɗaya ke riƙe shi a lowa-am, amma notinsa na sama yana matse a ƙarƙashin shaf, sau da yawa sai an kwance shaf ɗin. In ba ka da kayan aikin, kai wa bakanike ka tsaya a kansa. Linkej kuwa noti biyu ne kacal, in ƙwallon na juyawa tare da noti akwai ramin makulli a kansa na riƙewa.

Bushin da shok

Akwai kuskure guda da ke kashe sabon bushin cikin 'yan watanni: ɗaure bol ɗinsa tamau mota na rataye. In aka sauke ta, robar za ta murɗe ta zauna a haka, sai ta yage. Ƙa'ida ita ce a kama bol ɗin sama-sama, a sauke mota nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Injin matsawa ake sa bushin da shi, guduma tana ɓata mazauninsa. Wanda ake yankawa daga tsohuwar taya zai iya fitar da kai daga daji, amma ba gyara ba ne. In lowa-am ɗin ya taɓa dukan dutse ko bakin kwalbati ya lanƙwashe, a canza shi ɗungurungum.

Shok bibbiyu ake canzawa, na gaba tare, na baya tare, in ba haka ba mota za ta riƙa karkata a birki. Masu ƙera shi kan ce a duba shi a kusan kilomita 80,000, a hanyoyinmu kuwa kada a jira hakan. Huda shok a ɗura masa mai a toshe ba ya dawo da abin da ya cinye a cikinsa. Mutane kan ɗauka shok na jin daɗi ne kawai, alhali shi ke danne taya a ƙasa, kuma tayar da ke tsalle ba ta kama birki.

Wajen raba sifirin da shok, kada a taɓa notin sama na tsakiya sai an matse sifirin da ƙarfen matsawa biyu, ɗaya a kowane gefe. Ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya karya muƙamuƙi. Ɗaure shi da igiya ko a sa yara su danne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tunda an riga an buɗe, a duba maunti da robar ƙura, kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Bayan Corolla ba shi da rikici, shok biyu ne da manyan bushin biyu. Masu Hiace da Hilux su duba ganyen sifirin ko akwai karyayye, da bol ɗin tsakiya, domin in ya tsinke mota takan yi tafiya a karkace. Lodin da ya wuce ƙima shi ne babban mai kashe ƙafar baya, kuma ƙara ganye ba ya ƙara wa birki ƙarfi.

Man sitiyari da rak

Buɗe bonet ka duba tulun man sitiyari. Mai ya ragu, to akwai yoyo, domin ba ƙonewa yake ba. Bi tiyo da famfo da ido, ka matsa robar bakin rak, in mai ya tsiyayo daga ciki, sil ɗin rak, wato robar da ke tare mai, ya tafi. Kuka yayin juyawa na nufin ƙarancin mai ko iska a ciki, kumfa a tulu ma iska ce. Ƙara mai tsini da safe in ka juya, bel ne ya saki.

A kula da irin man. Wannan Corolla man giya na ATF Dexron take sha, Honda tana da nata na musamman, Volkswagen kuma koren mai take so. Karanta murfin tulun. Man birki kuwa ko ɗigo kada ya shiga, zai lalata robobin. Bayan an yi aiki, fitar da iska haka: tayoyin gaba a sama, injin a kashe, juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali sau da dama kana ƙara mai, sannan ka tayar ka maimaita har kumfa ta ƙare. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe ka riƙe, famfo ne ke wahala. Corolla daga 2009 sitiyarin lantarki gare ta, babu mai, in ya yi nauyi a fara duba batir da caji.

In za a sauke rak, a miƙar da tayoyi, a ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera kada ya juya. A bayansa akwai naɗaɗɗiyar waya ta hon da jakar iska, in ya yi juyin banza za ta tsinke. Yawancin abin da ake cewa rak ya lalace, tayarod na ciki ne kawai, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na rak ba. A tabbatar kafin a saya.

Sayen kaya

Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, tafi da tsohon a hannu da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, saboda Corolla ta Amurka da ta Turai ba komai nasu ke shiga juna ba. Kayan beljiyam na asali ne, amma sun riga sun yi aiki a wata ƙasa. Ƙarfe irin lowa-am ko ƙarfen hob, beljiyam ba laifi. Boljoyin da tayarod, ni sabo mai kyau nake zaɓa. Sunaye irin su KYB a shok da 555 a boljoyin sanannu ne, shi ya sa ake jabunsu, don haka in farashi ya yi ƙasa ƙwarai ka tuna araha ba ta ado. Gwada ƙwallon da hannu: sabo yana da tauri, da ƙyar yake motsi. Shok kuma danna shi ka ja, ya yi nauyi daga farko har ƙarshe babu inda ya zarce fayau.

Alaimen

Duk lokacin da aka taɓa tayarod, rak, lowa-am ko shok na gaba, sai an yi alaimen, wato saitin ƙafa da na'ura. Ƙirga juyin da ka yi na kai ka wurin ne kawai, bai wadatar ba. Haka nan alaimen a kan ƙafa mai lako-lako zubar da kuɗi ne, gyara ke zuwa farko. Je da iska daidai, but babu lodi. Ka tabbata sun kafe sitiyari a miƙe, sun saita ta tayarod biyu, ba ɗaya ba. In an gama sitiyari ya zauna a karkace, a koma kan tayarod, kada a cire sitiyarin a dasa shi a wani haƙori. In na'ura ta nuna taya ta jingina ciki ko waje fiye da ƙima, a nemi abin da ya lanƙwashe.

Notin wili a ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ƙa'idarsu a Corolla 103 ne a ma'aunin Nm, ba sai an hau kan sifana da ƙafa ba. Koma hanyar da ka yi gwajin farko ka sake saurare. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, sake bin notin wili da duk wanda aka kwance, ka haska fil ɗin tayarod ka ga yana nan, sannan bayan sati biyu ka shafa bakin tayoyin gaba na ciki ka ji ko cin ya tsaya.